Hayaƙin Igwa a Filin Daga na Kan Tebur

A cikin sana'ar shirya ƙananan mutum-mutumin sojoji domin nuni, wadda ta fi ƙarfi a Ingila da Jamus da Faransa da Amurka, babu abin da ke ba masu ita wahala kamar hayaƙin igwa, wato babbar bindigar nan mai ƙafafun katako da dawakai ke ja zuwa filin daga. Soja da doki da ita kanta igwar abubuwa ne masu jiki da iyaka, waɗanda ake aunawa a rage girmansu daidai gwargwado a zuba su da dalma ko roba, amma hayaƙi ba shi da gefe, ba ya tsayawa a siffa ɗaya ko da na daƙiƙa guda, ga shi kuma ana son ya zauna shekara da shekaru a cikin akwatin gilashi bai gusa ba. Irin wannan nuni, wanda ake kira diyorama, ƙaramin fili ne da ake ginawa da tuddai da gonaki da gidaje domin a nuna wani lokaci guda na wani yaƙi, kuma 'yar audugar da ake maƙalawa a bakin igwa ita ce ke faɗa wa mai kallo zamanin da ake ciki, da inda iska ke kaɗawa, da ko yanzu aka harba ko an jima.

Sana'ar tana da tsohon asali. Tun a ƙarni na 18 maƙeran birnin Nuremberg na Jamus suke zuba sojojin kuza masu faɗi kamar tsabar kuɗi, kuma gidan tarihin da ke fadar Plassenburg a garin Kulmbach yana riƙe da fiye da 300,000 daga irin waɗannan. A Landan kuwa, a 1893, William Britain ƙarami ya ɓullo da dabarar zuba dalma a tsiyaye cikinta tun ba ta daskare ba, abin da ya ba da soja mai holoƙon ciki, mara nauyi, mai araha, wanda tsayinsa na milimita 54 ya zama ma'aunin da ake kira ɗaya bisa 32. Da irin waɗannan sojoji da wata 'yar igwar kamfanin William Britain, wato Britains, mai harba guntun itace marubuci H. G. Wells ya tsara dokokin wasan yaƙi da ya wallafa a littafinsa Little Wars a 1913. Daga baya sojojin roba na ma'aunin ɗaya bisa 72 suka cika kasuwa. Ta fuskar nuni kuwa, abin da aka fi ambato shi ne filin yaƙin Waterloo da Kyaftin William Siborne ya kammala a 1838, mai ɗauke da sojoji sama da 70,000, wanda yanzu yake gidan tarihin sojan Birtaniya da ke unguwar Chelsea, kuma Siborne ya tsayar da yaƙin ne a kan wajen ƙarfe bakwai na yamma, domin diyorama ba ta iya ɗaukar wuni guda sai ɗan lokaci ƙanƙani daga cikinsa.

Kuskuren da ya fi yawa a wurin sababbin shiga shi ne na launi. Finafinai sun saba wa ido da baƙin hayaƙi da jan harshen wuta, waɗanda galibi na man fetur ne da masu shirya fim ke ƙonawa, shi ya sa mai koyo yakan shafe audugarsa da baƙin fenti. Amma tsohon albarushi, wanda duk igwogin duniya suka yi aiki da shi har kusan ƙarshen ƙarni na 19, fari yake hayaƙi duk da shi kansa baƙi ne. Ana haɗa shi da kashi 75 cikin ɗari na gishirin fotasiyam naitiret, da kashi 15 na gawayi, da kashi 10 na farar wuta, kuma idan ya ƙone fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, yana komawa daskararrun ƙananan ƙwayoyin gishiri ne, irin su fotasiyam kabonet da fotasiyam salfet, waɗanda ke watsa hasken rana ta kowace fuska har ido ya gan su fari mai ɗan toka-toka. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki a hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga wannan launi da idonsa, ya kuma shaƙi warin farar wutar, domin bindigar toka da igwar zamanin Napoleon albarushinsu iri ɗaya ne, bambancin na yawa ne kawai. Igwar tagulla mai harsashin laba 12 da aka fi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka tana cin laba biyu da rabi na albarushi a kowane harbi, wato kilo ɗaya da ɗoriya, wanda wani ɓangarensa ke maƙalewa a cikin bututu ya zama dauɗa, sauran kuma ya fita waje ya zama gajimare.

Idan aka jera irin waɗannan igwogi da yawa, cikin 'yan mintoci filin yakan ɓace wa masu harbi. A Waterloo, ranar 18 ga Yunin 1815, an kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe, kuma Faransawa sun jera igwogi kusan 80 a wuri ɗaya. Ƙwayoyin hayaƙin albarushi kuwa suna jan laima, saboda haka a iska mai danshi sukan yi kauri su daɗe a ƙasa. A Gettysburg, a yaƙin basasar Amurka, ranar 3 ga Yulin 1863, igwogin 'yan Kudu kusan 150 sun yi ta luguden wuta kafin farmakin da aka fi sani da sunan Janar Pickett, amma hayaƙi ya hana su ganin cewa yawancin harsasansu suna wuce sahun abokan gaba suna faɗawa a baya. Wannan gaskiyar tana jefa mai diyorama cikin tsaka mai wuya, domin idan ya bi tarihi sau da ƙafa sai ya binne sojojin da ya ɓata watanni yana yi wa fenti a ƙarƙashin tarin auduga. Mafitar da ƙwararru suka fi bi ita ce su zaɓi harbin farko ko na biyu, lokacin da iska ba ta gurɓace ba tukuna, ko kuma su tura kaurin hayaƙin can baya, wani lokaci ma su zana shi da fenti a jikin bangon da ke bayan filin, su bar gaba a buɗe.

Bayan launi sai siffa. Hayaƙin igwa ba ya tashi sama kamar na murhu, domin ƙarfin fashewa ne ke tunkuɗo shi, saboda haka yana fita ne a miƙe ta inda bakin igwar ya fuskanta, siriri a wurin baki, yana faɗaɗa yana nisa, sai a can ƙarshe, inda iska ta tare shi, ya dunƙule ya yi curi-curi yana naɗewa baya. Wani lokaci ma yakan fita da zobe cikakke. Akwai kuma hayaƙi na biyu wanda mutane da yawa ke mantawa, shi ne ɗan siririn da ke tsartuwa sama daga kafar kunnawa, wato 'yar hudar da ke gindin bututu inda ake sa wuta, kuma ɗan zaren auduga guda da aka tsayar a wannan wuri yana nuna cewa mai aikin ya san yadda igwar ɗuri ta baki take aiki fiye da duk wani tulin auduga a gaba. Girman gajimaren kuwa lissafi ne: idan aka ɗauka ya kai mita goma a gaban igwa, to a ma'aunin ɗaya bisa 32 zai zama santimita 31, a ma'aunin ɗaya bisa 72 kuma santimita 14, tsawon da ya ninka na ita igwar sau da yawa, abin da ke nuna cewa 'yar ƙwallon audugar da aka saba gani a bakin igwogin wasa ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Sai dai ba kowane akwati ne ke da wannan sarari ba, shi ya sa wasu ke ɗaukar lokacin da hayaƙin bai gama buɗewa ba. Idan igwogin suna da yawa, dole iska ɗaya ta karkata hayaƙinsu duka, ta kuma dace da inda tutoci da jelar dawakai suka karkata, kuma ba daidai ba ne a ba su girma ɗaya, tun da a zahiri ba sa tashi a daƙiƙa ɗaya.

Inda aka fi gane gwani shi ne daidaita hayaƙin da tsayuwar ma'aikatan igwar, domin aikinsu yana da tsari wanda ba a tsallake shi. Da zarar an harba, igwar takan ja da baya da ƙarfi a kan ƙafafunta, sai a turo ta mazauninta, mutum ɗaya ya zura sanda mai jiƙaƙƙen soso ya kashe duk wani garwashi da ya rage, yayin da wani ya toshe kafar kunnawa da babban yatsansa da ke sanye da safar fata don kada iska ta hura wutar; daga nan a sa jakar albarushi da harsashi, a danna su da sanda, a huda jakar ta kafar, kowa ya kauce, sannan a kunna. Ma'anar wannan ga mai nuni ita ce, sojan da ke tsaye a bakin igwa yana danna harsashi ba zai yiwu ya haɗu da harshen wuta a bakin wannan igwar ba, sai dai idan haɗari ake son nunawa, amma kamfanoni sukan sayar da ma'aikata huɗu ko biyar a kwali ɗaya kowanne a kan wani mataki dabam, mai saye kuma ya jera su duka ya ƙara auduga. Igwar da ake ɗurawa abin da ya dace da ita shi ne ɗan ɓurɓushin hayaƙi da ke fita a hankali daga baki da wani hazo mara kauri da iska ta riga ta ja gefe. Ita kanta hanyar kunnawa tana da zamani: a 1815 mai kunnawa yana riƙe da sanda mai wuta a kai, wadda ita ma tana buƙatar ɗan silin hayaƙinta, a 1863 kuwa igiya yake ja wadda ke tayar da wuta ta hanyar gogayya.

Kayan aikin ba su da tsada. Audugar asibiti ita ce ta gargajiya, tana da farin da ba ya ƙyalli, tana karɓar fenti, amma zarenta gajere ne, tana shan laima, tana kwantawa, kuma da daɗewa takan yi rawaya. Audugar foliyesta, wadda ake cusawa a matashin kai da 'yar tsana, ta fi ta riƙe siffa kuma ba ruwanta da laima, sai dai tana da ɗan sheƙi da taurin kai, fenti kuma a samanta kawai yake zama. Gashin tumaki da aka taje ba a kaɗa ba yana da dogon zare wanda ke ba da kyakkyawan jan hayaƙi mai tafiya da iska, ana kuma samunsa a rine da launin toka iri-iri. Audugar rimi tana da sauƙi da laushi, amma launinta ya karkata zuwa rawaya, zarenta yana karyewa, kuma tana kama wuta nan take, saboda haka ba abin sa wa kusa da lantarki ba ce. Kowacce aka zaɓa, sirrin aikin shiɓa ne, irin yadda masu kaɗi ke buɗe auduga kafin su kaɗa zare: ana yage ta da yatsu ana ja har sai haske ya ratsa gefenta, ba a yanka da almakashi, domin yankakken gefe shi ne abu na farko da ke tona cewa auduga ce.

Gajimare mai tsawo ba ya tsayawa da kansa, saboda haka ana yi masa ƙashin baya da siririyar waya wadda ake zura gindinta a cikin bututun igwar, ko da ɗan sandan roba mai garai-garai da ake ɓoyewa a cikin ciyawar filin. Ana fara naɗa audugar da ƙarfi a kusa da baki, a yi ta ƙara sassa masu sako-sako ana nisa, a ɗaura ƙananan curi a ƙarshe, sannan a fesa man nan mai sandarar da gashi daga nesa, kaɗan-kaɗan, domin feshi mai yawa yana jiƙa zaren ya manne. Fenti kuwa da na'urar feshi ƙarama ake sa shi, ba da burushi ba. Ƙasan gajimaren da lungunan da ke tsakanin curi su ne ke samun toka mai haske, saman a bar shi fari, sai ɗan rawaya da ruwan lemo a santimita na farko daga baki idan lokacin harbin ake nunawa. Mafi yawan masu koyo suna wuce gona da iri a nan, alhali harshen wutar yana ɗaukar ɗan ƙiftawar ido ne, kuma da rana tsaka hayaƙin kan rufe shi.

Zuwan ƙananan ƙwayayen lantarki na LED ya sauya sana'ar, domin ba sa zafi kamar tsofaffin ƙwayaye masu zare, ana kuma iya ciro mai walƙiya daga kyandir ɗin roba mai aiki da batirin bolt uku a binne shi a cikin audugar, wutar ta fito daga ciki maimakon a zana ta a waje. Duk da haka akwai haɗurra guda uku da suka cancanci a san su. Gam mai saurin kamawa da ake kira sufa gulu yana yin zafi mai tsanani idan ya haɗu da auduga ko gashin tumaki, har yakan yi hayaƙi na gaske ya ƙona yatsa. Soson ƙarfe mai laushi, wanda wasu ke amfani da shi domin hayaƙi mai duhu, yana kamawa da wuta idan ya taɓa bakin batir, ban da tsatsar da yake yi. Na uku ya shafi tsofaffin sojojin dalma, irin waɗanda kamfanin Britains ya daina zubawa a 1966: tururin asid ɗin da ke fita daga katakon oak da wasu nau'o'in farin gam na kafintoci yana cin dalma a cikin rufaffen akwati har ta koma farin gari, don haka masu tara tsofaffin kaya sun fi son hayaƙin da ake sokawa da waya a cire, ba wanda ake mannawa ba. Wannan yana da wata fa'ida kuma, tun da auduga tana tara ƙura kuma ba ta wankuwa, sai dai a sauya ta.

Dukkan abin da ya gabata ya shafi zamanin tsohon albarushi ne. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi mara hayaƙi, a 1889 Frederick Abel da James Dewar suka fito da kodayit a Birtaniya, a 1897 kuma Faransa ta ɗauki igwarta mai bakin milimita 75 wadda bututunta kaɗai ke ja da baya, ƙafafun suna tsaye. Shekarar 1898 ta nuna zamunan biyu a lokaci ɗaya: a Kyuba igwogin Amurka masu tsohon albarushi sun tona wurin da suke da farin hayaƙinsu, Sifaniyawa suka mayar musu da wuta, a Omdurman ta Sudan kuma Turawan Ingila sun harba harsasai masu sinadarin lidayit, wanda fashewarsa ke ba da hayaƙi mai ruwan rawaya. Saboda haka igwar Yaƙin Duniya na Ɗaya ko na Biyu ba ta buƙatar farin gajimare, abin da ya dace da ita shi ne walƙiya da ɗan hazo mai launin ƙasa-ƙasa da ƙurar da ƙarfin harbin ke tayarwa a gabanta. Baƙin hayaƙi yana da wurinsa, amma a inda harsashi ya faɗi: sinadarin TNT ba shi da isasshiyar iskar oksijin a jikinsa, shi ya sa yake barin kunkunniya, har a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Birtaniya suka laƙaba wa manyan harsasan Jamus sunan ɗan damben nan baƙar fata na Amurka, Jack Johnson. A filin zamanin Napoleon kuwa yawancin abin da ake harbawa dunƙulen ƙarfe ne wanda ba ya fashewa, yana tsalle ne a ƙasa yana tayar da turɓaya, don haka cika irin wannan fili da ƙwallayen wuta kuskuren tarihi ne, ko da yake harsashin da Henry Shrapnel ya ƙirƙiro, mai fashewa a sama da ɗan farin curi, ya riga ya shiga hannun sojan Birtaniya.

Akwai masu neman hayaƙi na gaske mai motsi. Sukan ari na'urar da masu ƙananan jiragen ƙasa ke sa wa a bututun injin, irin ta kamfanin Seuthe na Jamus, wadda ke dumama ɗigon mai ya zama tururi, ko su kunna turaren tsinke, ko su yi amfani da busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon dayoksaid, wadda hazonta ke kwanciya a ƙasa saboda sanyi da nauyi. Matsalar ita ce hayaƙi ba ya rage girma tare da soja. Wanda ke fita daga 'yar ƙaramar kafa yana tashi ne siriri, santsi, a miƙe, ba ya yin curin da babban gajimare ke yi, yana kuma gudu da saurin da ya fi ƙarfin ma'aunin, ban da maiƙon da yake bari a kan fenti. Masu shirya fim da ƙananan siffofi suna magance saurin ta hanyar ɗaukar hoto da sauri a nuna shi a hankali, bisa ƙa'idar ninka adadin hotuna da tushen murabba'in ma'auni, wanda a ɗaya bisa 32 ke mayar da hotuna 24 a daƙiƙa zuwa kusan 136. Hayaƙin gaske ya fi amfani ga mai ɗaukar hoto, wanda ke buƙatar ƙiftawa ɗaya kawai, kamar yadda David Levinthal ya nuna a littafin hotunansa Hitler Moves East na 1977, wanda ya yi tare da Garry Trudeau da sojojin wasa da hotuna masu dishi-dishi. A teburin wasan yaƙi kuwa, inda ake motsa sojoji da hannu, ba a neman wannan duka: ana manna ɗan curin auduga a kan zoben ƙarfe ko tsabar kuɗi domin ya sami nauyi, a ajiye shi a gaban igwar da ta yi harbi a wannan zagaye, a ɗauke shi idan an sake ɗura ta.